Nauyin Mudu: Shawara Kan Sunan "Densiti" da Ma'aunansa a Hausa

Gabatarwa

Akwai wata tsohuwar tambaya da malaman kimiyya kan jarraba ɗalibai da ita: tsakanin kilo ɗaya na auduga da kilo ɗaya na ƙarfe, wanne ya fi nauyi? Da yawa kan ce ƙarfe, aji ya kwashe da dariya, malami ya ce ai kilo kilo ne. Amma ɗalibin da ya ce ƙarfe bai yi wauta ba. Ƙarfe ya fi auduga wani abu, kuma hannun yaron ya sha jin wannan fifiko tun kafin a sa shi makaranta. Sunan abin ne babu a bakinsa, sai ya ɗauko kalmar da ta fi kusa, wato nauyi. Wannan siffa ita ce ake kira "densiti" a azuzuwan kimiyya na Nijeriya, kuma har yanzu masu rubutu da Hausa ba su tsaya a kan suna guda da za su kira ta da shi ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, sunan da ya dace da wannan siffa dole ya ɗauko lissafinta a cikinsa, domin ba abu ba ce da ake nunawa da yatsa. Sakamakon rabawa ce. Sunan da ake ba da shawara a kai shi ne "nauyin mudu". Kafin a kawo hujja, ya kamata a fara bayyana abin da ake aunawa, da ma'aunansa, da yadda ake lissafa shi, domin duk wanda zai raɗa wa abu suna ya kamata ya fara saninsa.

Abin da Ake Aunawa

Kowane abu yana da nauyi, wanda sikeli ke nunawa da giram ko kilogiram. Yana kuma da gurbi, wato girman wurin da ya cinye, wanda ake aunawa da lita ko kubik mita. Idan aka raba nauyin da gurbin, abin da ya fito shi ne densiti:

densiti = nauyi ÷ gurbi

Masana kimiyya kan wakilta shi da harafin Girkanci ρ, wanda ake kira "ro". Abin lura shi ne, amsar ba ta canzawa da yawan abin. Cokalin ruwa da duron ruwa nauyinsu ya bambanta, gurbinsu ma haka, amma idan aka raba, amsa ɗaya za a samu. Saboda haka densiti shaidar jinsin abu ce, kamar yadda tsagar fuska ta kasance shaidar asali a da. Da ita ake bambanta zinare da jan ƙarfe ko da launi ya ruɗi ido.

Ma'aunai da Yadda Ake Juya Su

Tunda densiti rabawa ce, ma'auninsa ma tagwaye ne, ɗaya na nauyi ɗaya na gurbi. A tsarin ma'aunai na duniya da aka amince da shi a 1960, ma'aunin hukuma shi ne kilogiram a kowace kubik mita, ana rubuta shi kg/m³. Kubik mita ita ce cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaiɗai ne, kuma tana cin lita 1,000. A ɗakin gwaji an fi amfani da giram a kowace kubik santimita, g/cm³, wanda daidai yake da giram a kowace mililita, daidai kuma da kilogiram a kowace lita.

Ruwa ne ma'aunin ma'aunai. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, wato 1 g/cm³, ko 1,000 kg/m³. Wannan ba dace ba ne. A 1795, lokacin da Faransa ke kafa tsarin mita, da nauyin kubik santimita ɗaya ta ruwa aka fayyace giram. Tun 2019 an koma fayyace kilogiram ta wata hanya dabam, amma dangantakarsa da ruwa tana nan kusan yadda take. A Amurka kuwa, inda ake aiki da fam da ƙafa, ruwan nan dai densitinsa fam 62.4 ne a kowace kubik ƙafa. Ke nan 1 da 1,000 da 62.4 duk ruwa ɗaya suke nufi, kuma duk lambar da aka rubuta ba tare da ma'auninta ba, ba ta ce komai ba.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne juya wani ma'auni zuwa wani. Sun san mita ɗaya santimita 100 ce, sai su ɗauka kubik mita ma kubik santimita 100 ce. Alhali kuwa 100 ne sau 100 sau 100, wato 1,000,000. Idan kowace kubik santimita ta ruwa giram ɗaya ce, to kubik mita giram miliyan ɗaya ce, wato kilogiram 1,000. Daga nan ƙa'idar ta fito: a ninka g/cm³ sau 1,000 a sami kg/m³. Zinare 19.3 g/cm³ ne, ko 19,300 kg/m³. Zaiba kimanin 13.6 ce, dalma 11.3, azurfa 10.5, jan ƙarfe kusan 9, baƙin ƙarfe 7.87, alminiyam 2.7, ƙanƙara 0.917. Iska kuwa, a bakin teku, kimanin kilogiram 1.2 ce a kowace kubik mita. Ɗakin da ke da mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a tsayi, gurbinsa kubik mita 48 ne, don haka iskar da ke cikinsa ta haura kilo 57, ta fi buhun siminti nauyi.

Zafi ma yana da nasa tasirin, domin yawancin abubuwa suna buɗewa idan suka ɗumama, gurbinsu ya ƙaru alhali nauyinsu na nan. Ruwa ya fi matsuwa a digiri 4 na ma'aunin Salsiyos, idan ya kai digiri 25 kuwa sai ya sauko zuwa kimanin 997 kg/m³. Shi ya sa a cinikin man fetur na duniya ake mayar da awo zuwa ga digiri 15 kafin a yi lissafi.

Yadda Ake Lissafi

Idan abu mai kusurwoyi ne, ana samun gurbinsa da ninka tsawo da faɗi da kauri. Guntun ƙarfe mai santimita 10 a tsawo, 5 a faɗi, 2 a kauri, gurbinsa kubik santimita 100 ne. Idan sikeli ya nuna giram 787, sai a raba 787 da 100, a sami 7.87.

Idan abu mai ruwa-ruwa ne, sai a auna mazubi babu komai, a zuba abin gwargwadon da aka sani, a sake aunawa, a ɗebe nauyin mazubin. Idan kuwa abu ne marar tsayayyiyar siffa, kamar awarwaro ko tsakuwa, sai a nutsar da shi cikin ruwa a kwalba mai zane, a duba iyakar da ruwan ya taso. Wannan dabara ce ake jingina wa Arkimidis na birnin Sirakus, wanda ya rayu a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, a labarin kambin Sarki Hiyero da aka yi zargin maƙeri ya gauraya da azurfa. A ƙarni na 11 Al-Biruni ya ƙera mazubi na musamman don auna ruwan da ƙarafa da duwatsu masu daraja ke turewa, sannan Al-Khazini ya faɗaɗa aikin a littafinsa Mizan al-Hikma, wanda ya kammala a birnin Marwa wajen 1121. A ce awarwaro ya auna giram 38.6. Idan ruwa ya taso da mililita 2, amsa 19.3 ce, zinare ne tsantsa. Idan ya taso da mililita 4.3, amsa kusan 9 ce, jan ƙarfe ne aka yi wa wanka.

Ƙa'idar tana juyuwa. Wanda ya san densiti da gurbi zai sami nauyi ta hanyar ninkawa. Jarka mai lita 25 tana ɗaukar kilo 25 na ruwa, kimanin kilo 23 na man gyaɗa, kilo 18 da rabi na fetur, kilo 35 na zuma. Wanda ya san nauyi da densiti kuwa zai sami gurbi ta hanyar rabawa. Fetur yana kaiwa kimanin kilo 0.74 a kowace lita, don haka tan ɗaya nasa ya haura lita 1,350, alhali tan ɗaya na man dizal, mai kimanin 0.84, bai cika lita 1,200 ba. Man da aka saro da tan ake sayarwa da lita, wannan lamba ce ke tsakanin ribarsa da faɗuwarsa.

Kalmomin da Suka Gaza

Wanda zai fassara darasin nan zuwa Hausa, kalmomi huɗu ne za su fara zuwa masa: kauri, tauri, yawa da cunkoso. Kowace tana faɗuwa idan aka gwada ta da misali.

Kauri ita ce mafi jan hankali, kuma Larabci ma ta wannan hanya ya bi da kalmarsa "kasafa". Amma a Hausa kaurin kunu ko na miya yana nufin jinkirin kwarara. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri, duk da haka a saman ruwa yake tsayawa, domin densitinsa kimanin 0.91 ne. Zaiba tana gangarawa kamar ruwa, alhali ta ninka ruwa fiye da sau 13. Ɗalibin da aka ce wa abu mai kauri shi ke nutsewa, miyar gidansu za ta ƙaryata malaminsa a daren ranar. Ga shi kuma ana buƙatar kalmar kauri a wajen auna katako da ƙarfe, kamar yadda aka gani a sama.

Tauri ma haka. Dalma farce na iya yi mata zane, amma ta fi baƙin ƙarfe densiti. Yawa kuwa ita ce mafi haɗari, domin ta rushe ginshiƙin darasin gaba ɗaya, wato cewa ɗigo da kogi amsarsu ɗaya.

Cunkoso ta dace da maganar jama'a a cikin gari, kuma a can ya kamata a bar ta. A kimiyyar abubuwa tana sa ɗalibi ya zaci abu mai densiti shi ne wanda ƙwayoyin zarrarsa suka fi yawa a wuri guda. Ba kullum haka take ba. Kubik santimita ɗaya ta zinare da ta alminiyam kusan adadin ƙwayoyin zarra ɗaya ke cikinsu, amma zinare ya ninka alminiyam sau bakwai, saboda kowace ƙwaya tasa ta fi nauyi. Dalma ma ƙwayoyinta ba su kai na alminiyam yawa ba a gurbi guda, amma ta ninka shi sau huɗu.

Me Ya Hana Aro?

Za a iya cewa Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro ba. Ta ari lita da kilo da sikeli, mudu kansa daga Larabci ya zo, don haka a bar "densiti" ta zauna. Da Hausa a Nijeriya kaɗai take, da maganar ta yi ƙarfi. Amma ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da Faransanci yake karatun kimiyya, kuma a Faransanci kalmar da ake furtawa "dansite" tana nufin wani abu dabam: kwatancin abu da ruwa, lamba zalla marar ma'auni. Abin da ɗalibin Kano ke kira densiti, mai kilogiram da kubik mita, wani suna Faransanci ya ba shi, wanda ma'anarsa ita ce nauyi gwargwadon gurbi. Idan aka ari kalmar, za ta kasance da ma'ana biyu a tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma littafin da aka rubuta a ɗaya ɓangaren zai ruɗa ɗan ɗaya ɓangaren.

Akwai kuma wani tarko a rubutun lambobi. Inda Nijeriya ke sa ɗigo, Nijar waƙafi take sawa. Ruwan teku kimanin kilo 1,025 ne a kowace kubik mita a rubutun Kano, wato dubu ɗaya da ashirin da biyar. A rubutun Damagaram 1,025 na nufin ɗaya da ɗigo sifili biyu biyar, wanda shi ne nauyinsa a kowace lita. Duk mai shirya littafin kimiyya da Hausa ya kamata ya faɗi tsarin da ya bi tun a shafin farko.

Hujjar Mudu

Bahaushe ya daɗe yana aiki da densiti. Mai rege shinkafa da shi take raba tsakuwa da ƙwaya. Mai sayen ƙwan zabi da ke tsoma shi a ruwa ya san baragurbi shi ke tasowa. Masu wanke zinare a Zamfara sun san ruwa zai tafi da yashi ya bar zinare a gindin kwano, domin zinare ya ninka yashi fiye da sau bakwai. Amma inda sanin ya fi fitowa fili, har ya zama magana, shi ne wajen awon hatsi. Mudu gurbi yake aunawa, sikeli kuma nauyi. Duk ma'auni a kasuwar Dawanau ya san mudun gero ya fi mudun dusa nauyi, ya kuma san mudun hatsin da ya ƙosa ya fi na wanda ƙwari suka cinye wa ciki. Idan ya ɗaga kwano ya ce wannan dawar tana da nauyi, ya san kwanon bai canza ba. Nauyi ya raba da gurbi a ransa. Masu cinikin alkama a Turai ma haka suke yi, da nauyin lita 100 suke tantance ingancinta.

Wani misalin kuma yana zuwa kowace shekara a ƙarshen azumi. Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ce, wato mudun-nabi huɗu, kuma sa'i awon gurbi ne. Da aka zo mayar da shi kilo, sai ake jin wasu na cewa biyu da rabi, wasu uku. Wani ɓangare na wannan bambanci daga ƙiyasin girman sa'in yake, wani kuma daga jinsin abincin, domin sa'in shinkafa da na masara da na dabino ba za su taɓa zama nauyi ɗaya ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya fahimci darasin.

Sunan "nauyin mudu" yana faɗin lissafinsa da kansa: nauyin abin da ya cika mudu ɗaya. Malami ba ya buƙatar komai face ya ce mudun kimiyya shi ne lita, babban mudunta kuma kubik mita, ƙaramin kuwa kubik santimita. Nauyin mudun ruwa kilo ɗaya ne, na zaiba kilo 13.6. Abin da nauyin mudunsa bai kai na ruwa ba zai taso, wanda ya fi zai nutse. Tambayar auduga da ƙarfe kuwa ta sami amsa mai tsabta, nauyinsu ɗaya, nauyin mudunsu ne ya bambanta. Haka masu nazarin Hausa suka yi da nasu fannin. Ƙirar kalma da ginin jimla da tsarin sauti sun karɓu ne saboda kowanne yana faɗin aikinsa, kuma irin waɗannan kalmomi ne aka tattara a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990.

Sukar da Za a Iya Yi

Suka ta farko ita ce, mudu ba shi da tsayayyen girma, na wannan kasuwa dabam, na waccan dabam. Gaskiya ne. Amma a cikin wannan suna, mudu na wakiltar kowane awon gurbi ne, kuma ma'aunin da aka rubuta bayan lamba shi ke fayyace wanne ake nufi. Rashin daidaiton mudun kasuwa ma darasi ne, da shi za a nuna wa ɗalibi dalilin da ya sa duniya ta buƙaci mudu guda.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Mudun hatsi ba hatsi ne zalla ba, akwai iska a tsakanin ƙwayoyi. Lita ɗaya ta masara kimanin giram 720 ce, ƙasa da ta ruwa, amma ƙwayar masara nutsewa take yi. Idan ba a yi hattara ba, sunan zai sa ɗalibi ya zaci masara za ta taso. Kimiyya kanta ta raba waɗannan biyun, don haka Hausa ma sai ta raba: nauyin mudu na tari, wanda ya haɗa da iskar tsakani, da nauyin mudu na jiki, wanda ake samu ta nutsarwa cikin ruwa. Mai gini da ke sayen yashi da na tari yake aiki, maƙerin zinare kuwa da na jiki.

Suka ta uku ta shafi kalmar nauyi kanta. Masana fiziya sun bambanta abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram, da ƙarfin da ƙasa ke jan jikin da shi, wanda ake aunawa da niyuton. Hausa kuwa nauyi take ce wa duka biyun. Tunda a bakin jama'a nauyi shi ne abin da kilo ke aunawa, ya fi sauƙi a bar shi a nan, a nema wa ƙarfin jan ƙasa nasa sunan. Ƙwace kalma daga bakin masu ita aiki ne da ba ya yiwuwa.

Kammalawa

A 1977 manufar ilimi ta Nijeriya ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, amma malamin da ba shi da kalma dole ya koma Ingilishi a tsakiyar jimla, kuma a daidai wannan gaɓa yaro ke daina fahimta ya fara hadda. Sassan nazarin Hausa su ne masu alhakin cike wannan giɓi, sai dai ba su kaɗai ba. Ya kamata kowace kalmar kimiyya da za a ƙirƙira a zauna a kanta da malamin fiziya ko kimiyyar sinadarai, da wakilci daga Nijar, a kuma jarraba ta da misalan da za su iya karya ta, kamar yadda man gyaɗa ya karya kauri. Sannan a kai ta aji. A raba ɗalibai gida uku, a koya wa wasu da "densiti", wasu da "kauri", wasu da "nauyin mudu", a ba kowa jarka da sikeli da tsakuwa, a ga waɗanda za su iya faɗin abin da zai nutse kafin a jefa shi cikin ruwa. Gani ya kori ji, kuma kalmar da ta ci wannan jarrabawa ita ce ta cancanci shiga ƙamus.